Fansho da Iyakar Ƙasa: Daga Harajin Kano zuwa Bankunan Landan

Babban Giji ɗaya ce daga mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Tarauni, maƙwabciyar Gyadi-Gyadi, ba nisa da titin Zariya da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Wannan ɓangare na birni ya cika ne bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, lokacin da ma'aikatan gwamnati suka riƙa fitowa daga cikin ganuwa suna neman fili kusa da ofisoshi da gidajen Kundila. Samarin wancan zamani su ne dattawan yau, kuma a cikinsu akwai iri biyu da tambaya ɗaya ta haɗa. Akwai tsohon malami ko ma'aikaciyar jinya da 'ya'ya suka yi kaka-gida a Ingila ko Saudiyya suna roƙon su koma wajensu, akwai kuma likita ko injiniya da ya ƙarar da ƙarfinsa a Turai ya dawo gida ya gina. Kowannensu so yake ya san ko fanshonsa zai bi shi ya ƙetare iyaka da darajarsa. Hukumomi kan nuna kamar wannan sabuwar matsala ce mai wuyar sha'ani. Tarihi bai goyi bayansu ba. Fansho ya shekara fiye da ɗari yana ƙetare teku daga ƙasar nan, kuma duk inda aka tsayar da shi ko aka rage shi, idan aka bincika sai a tarar wanda zai karɓa ne ba shi da bakin magana.

Mutanen farko da suka ci fansho daga arzikin Kano suna zaune a ƙasar waje Turawa ne. Tun bayan cin birnin a 1903, ƙa'idar Ingila ita ce kowace ƙasar da take mulka ta ɗauki nauyin kanta, har da albashi da fanshon Razdan da Di'o da Baturen makaranta da na gona. Haraji da jangali da dagatai ke tarawa ana raba su ne tsakanin baitulmalin En'e da gwamnati, a haɗa da kuɗin fito na gyaɗa da fata, daga nan ake cire abin da za a aika wa wanda ya ajiye aiki ya koma garinsu. Akwai ofishin wakilan sarauta a Landan da ke biya a madadin gwamnatocin ƙasashen da ake mulka. Ba a taɓa ce wa tsohon Razdan ya hawo jirgin ruwa zuwa Ikko, ya shigo jirgin ƙasa zuwa Kano, don a ga idonsa kafin a biya shi ba. Takarda mai sa hannun mai shaida ta wadatar. Dokar fansho ta 1951, wadda aka mayar da farkon aikinta zuwa Janairun 1946, ita ce tushen tsarin da ma'aikatanmu suka gada, kuma an yi ta ne a lokacin da manyan masu amfana da ita mutane ne da kowa ya san ba a nan za su tsufa ba. Da mulkin kai ya zo, jami'an Turawa suka samu diyya ta dunƙule saboda katsewar aikinsu, aka kuma ƙulla yarjejeniya cewa sabuwar gwamnati za ta ci gaba da biyan fanshonsu a inda suke. Daga baya Ingila ta yi doka a 1973 da ta ba ta damar karɓe biyan da kanta. Wato dai an san yadda ake kare tsoho daga nisa da faɗuwar kuɗi tun ana aika saƙo da wayar tangaraho.

A ƙetaren iyakarmu ta arewa aka ga akasin haka. Faransa ta kwashi samari daga Maraɗi da Damagaram da Tawa da Dosso da sauran ƙasashen da take mulka, suka yi mata yaƙin duniya biyu, wasu suka zarce Indocin da Aljeriya. Seyni Kountché, wanda ya mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987, a rundunar Faransa ya fara soja. Waɗanda suka daɗe a aiki ko suka samu rauni suna da fansho. Ana gab da ba ƙasashen 'yanci, majalisar Faransa ta saka wani sashe, na 71, a dokar kasafin kuɗi ta 26 ga Disamba 1959, wanda ya daskarar da fanshon duk wanda ya zama ɗan sabuwar ƙasa a kan adadin da yake a lokacin. Bafaranshen da suka kwana rami ɗaya da shi ana ƙara masa duk shekara, shi kuwa ɗan mazan jiya na Tasawa yana nan kan kuɗin jiya, har tazarar ta kai ninki da yawa. A 1989 kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba tsofaffin sojojin Senegal 743 gaskiya a kan wannan, Faransa ta yi kunnen uwar shegu. A Nuwamban 2001 babbar kotun harkokin mulki ta ƙasar ta yanke cewa an nuna wa wani tsohon saje, Amadou Diop, bambanci. Ya riga ya rasu kafin hukuncin. Sai da wani fim kan sojojin Afirka ta Arewa ya tayar da ƙura a 2006 Shugaba Chirac ya daidaita wani ɓangare na kuɗin, sai kuma hukuncin kotun tsarin mulki na Mayun 2010 ya tilasta a daidaita sauran daga Janairun 2011. Shekara 51 ke nan. Yawancin masu haƙƙin suna kabari, kuma mai lissafin baitulmali a Faris ya san haka tun farko.

Hujjar da aka riƙa bayarwa ba ta banza ba ce gaba ɗaya, gara a faɗe ta yadda masu ita suka faɗa. Suka ce rayuwa a Maraɗi ba ta kai ta Marsai tsada ba, don haka biyan kuɗi ɗaya a wuraren biyu fifita na Afirka ne. A 2002 ma Faransa ta gwada gyara bisa wannan ma'auni na tsadar rayuwa. Abin da ya rushe hujjar shi ne Bafaranshen da ya yi ritaya ya zauna a Yamai ko Dakar cikakken kuɗinsa yake karɓa, alhali kasuwa ɗaya suke ci da abokin yaƙinsa baƙar fata. Ashe ba kasuwa ake aunawa ba, fasfo ake dubawa, kuma a kan wannan gaɓa kotun tsarin mulki ta kama gwamnati. Ban da haka, kuɗin da mutum ya yi wa aiki ba sadaka ba ne da za a tambayi buƙatarsa. Birkila da ya gama gini ba a rage masa kuɗi don an ji a ƙauye yake kwana. Ragowar wannan tunani ta kai har kwanan nan: tsofaffin sojojin Afirka da ke karɓar tallafin tsufa a Faransa sai sun zauna wata shida a kowace shekara a can, a ɗakunan haya na wajen Faris, kafin a ci gaba da biyan su. A Janairun 2023 aka ɗage musu sharaɗin, a watan Afrilu tara daga cikinsu suka koma Senegal, wasunsu sun haura shekara 90.

Ingila ba ta duba fasfo, ta fi haka wayo, amma abin da take yi ya shafi dattawan Babban Giji kai tsaye. Wanda ya yi aiki a can ya biya kuɗin inshorar ƙasa na aƙalla shekara 10 yana da haƙƙin fanshon gwamnati, cikakke kuwa sai shekara 35 a tsarin da aka fara a 2016, kuma za a biya shi ko a ina yake. Sai dai idan a Najeriya yake zaune, adadin zai tsaya a kan yadda yake ranar da ya fara karɓa ko ranar da ya baro, ba ƙarin shekara-shekara. Cikakken fansho na asali fam 67.50 ne a mako a shekarar 2000. A Afrilun 2025 ya kai fam 176.45. Wanda ya dawo Kano a 2000 yana nan kan na farko. Idan ya je Landan ziyara za a biya shi sabon adadi na makonnin da ya yi, yana saukowa filin jirgin Malam Aminu Kano a mayar da shi baya. Mutum wajen dubu 450 ne wannan ya shafa, akasarinsu a Ostareliya da Kanada. Wata marubuciya mazauniyar Afirka ta Kudu, Annette Carson, ta kai ƙara har Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan Adam, ta sha kaye a Maris 2010. Kotun ta karɓi maganar gwamnati cewa wannan fansho ba ajiyar mutum ba ne, tsari ne na tallafa wa mazauna ƙasa da ma'aikatan yau ke biya, kuma ƙasa na da ikon ta ƙulla yarjejeniya da wadda ta ga dama. A fuskar shari'a maganar tana da ƙarfi, ta fi ta Faransa nesa ba kusa ba. Amma mai zaune a Jamaika ko Filifin ko Amurka ana ƙara masa, na Kano da na Kumasi ba a ƙara musu, kuma ba wani ma'auni na tsada ko na buƙata da ya raba su, illa cewa wata gwamnati ta zauna ta sa hannu a takarda shekaru da dama da suka wuce, wata ba ta zauna ba. Dattijon da ya dawo gida ya ma sauke wa asibitocin Ingila nauyin jinyarsa a shekarun da jinya ta fi tsada.

Na Saudiyya gajere ne. Tun 1987 aka cire baƙi daga tsarin fanshon ma'aikata na ƙasar, don haka likita ko malamin da ya shekara 20 a Jidda kuɗin sallama kawai yake dawowa da shi, komai daɗewarsa.

Abin takaici shi ne gwamnatocinmu, da suka gaji biyan Bature a ƙauyen Ingila ba tare da sun gan shi ba, sun kasa yarda da nasu tsofaffin sai ido da ido. Duk ɗan fansho ya san tantancewa: sanarwa a rediyo, layi tun asuba, takardar ɗaukar aiki ta shekara 40 da ta ritaya a cikin leda, wani a kan keken guragu. Wanda ke Madina ko Manchesta ko ma Maraɗi ranar, sunansa na iya faɗuwa daga jerin biya, dawo da shi kuwa sai an sha zirga-zirga. Za a ce 'yan fanshon bogi sun yi yawa, dole a ƙirga kai. Gaskiya ne akwai su. Amma sunan bogi daga cikin ofis ake shigar da shi, ba tsohuwar da ta je renon jika ce ke ƙirƙiro shi ba. Mutumin da aka ɗora a kan kwamitin gyaran fansho na tarayya, Abdulrasheed Maina, shi wata kotu a Abuja ta ɗaure shekara 8 a Nuwamban 2021 kan halasta kuɗin haram na kusan naira biliyan 2. Layin rana bai hana wannan ba. Dokar gyaran fansho ta 2004, da ta 2014 da ta maye gurbinta, sun kawo sauƙi ta wannan fuska, domin kuɗin yana cikin asusu mai sunan ma'aikaci, a dokar 2014 shi yana zuba kashi 8 cikin ɗari, mai aikinsa kashi 10. Hukumar PTAD da ke riƙe da 'yan tsohon tsari ta fito da hanyar da mutum zai nuna yana raye ta hoton fuska a wayar hannu. Wannan ya nuna abin mai yiwuwa ne; abin da ya rage jihohi su bi sahu, har da Kano da ke da nata asusun amintattu tun dokar 2006.

Akwai wanda zai ce wannan duk damuwar masu hali ce. Ana bin Jihar Kano bashin garatuti na biliyoyin naira da sai a 'yan shekarun nan ake rage shi kashi-kashi, mutane sun mutu suna jira a Unguwa Uku da Darmanawa, sai a tsaya ana kukan wanda 'ya'yansa ke Turai? Ba a musun wa ya fi shiga uku. Sai dai ciwon iri ɗaya ne, kuma na gida shi ya fi jin sa. Abin da Faransa ta yi da sashe na 71, hauhawar farashi yana yi wa ɗan fanshon gida ba tare da an rubuta doka ba. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 173 ga tarayya da na 210 ga jihohi, ya ce a sake duba fansho duk shekara 5 ko duk lokacin da aka gyara albashi, amma mafi ƙarancin fansho a Kano ya daɗe a kan naira 5,000 kafin gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ɗaga shi zuwa 20,000. Bayan sakin naira a 2023, wannan sabon adadi ya zama wajen fam 10 kawai a wata. Ko daskararren fam 67.50 na mako ya ninka shi sau da yawa, shi ya sa wanda ya dawo daga Ingila ba ya cika jin an cuce shi, wanda ya tafi can da fanshon naira kuwa ya san ba da shi zai rayu ba.

Ƙetare iyaka kuma ba na masu jirgin sama kaɗai ba ne. Direba ko malamin Larabci ko ma'aikacin masaƙa da ya yi rabin aikinsa a Kano, rabi a Maraɗi ko Kwatano, shi ne wanda shekarunsa ke tarwatsewa tsakanin asusu biyu, kowanne bai kai a ba shi komai ba. Saboda irinsa shugabannin ECOWAS suka amince da yarjejeniyar tsaron rayuwar ma'aikata a 2013, wadda ta tanadi a haɗa shekarun aiki na ƙasashe daban-daban a biya mutum a inda ya zauna. Ba ta kai ga shiga rayuwar yawancin ma'aikata ba Nijar ta fice daga ƙungiyar tare da Mali da Burkina Faso a Janairun 2025, ga shi kuma tsakanin Kano da Maraɗi tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota ta Katsina da Jibiya.