Sikotilan da zaɓen 2015: jaridu sun ja gefe guda, masu ƙuri'a sun ja wani

Jama'a, duk mai sauraron labaran duniya ya sha jin ana ambaton jam'iyyar SNP da masu neman ɓallewar Sikotilan daga Birtaniya, amma ba kasafai ake tsayawa a warware mana tushen maganar ba. Shi ya sa na tattara bayanin wuri guda. Na ɗauki babban zaɓen Birtaniya na ranar 7 ga Mayu, 2015 a matsayin abin dubawa, domin a nan ne aka ga tazara mai faɗi tsakanin abin da manyan jaridu ke so da abin da mutane suka jefa a akwati. Kuma tunda BBC, wadda muke sauraron sashenta na Hausa tun 1957, tana cikin waɗanda aka zarga da son kai a wannan rigima, ya kamata mu san yadda abin ya kasance.

Ina ne Sikotilan?

Sikotilan ita ce yankin arewacin tsibirin Birtaniya. Mutanenta sun ɗan haura miliyan 5, babban birninta Edinbura, amma Gilasgo ya fi yawan jama'a. Da can ƙasa ce mai cin gashin kanta. A 1603 sarkinta James ya gaji sarautar Ingila, sai ƙasashen biyu suka zama ƙarƙashin sarki ɗaya. A 1707 kuma aka haɗa majalisunsu, mulki ya koma Landan. Duk da haka Sikotilan ta riƙe tsarin shari'arta da na karatunta da cocinta. Wannan ne ya sa har gobe mutumin can bai yarda a kira shi Ba'ingile ba.

Yadda SNP ta taso

An kafa SNP a 1934, burinta shi ne Sikotilan ta koma ƙasa mai zaman kanta. Ta daɗe ba a kula ta. Sai a 1967, da Winnie Ewing ta ci zaɓen cike gurbi a mazaɓar Hamilton, aka fara ɗaukar ta da muhimmanci. Da aka gano man fetur a tekun da ke gabashin yankin, jam'iyyar ta riƙa cewa man na Sikotilan ne, kuma a zaɓen Oktoban 1974 ta samu kujeru 11 a majalisar Landan.

A 1979 an yi ƙuri'a kan ba wa yankin majalisarsa. Masu so sun ɗan fi yawa, amma doka ta ce sai sun kai kashi 40 cikin 100 na duk masu rajista, kuma ba su kai ba. A 1997 aka sake, wajen kashi 74 suka amince, majalisar ta fara zama a 1999 da kujeru 129. Ita ke kula da lafiya, ilimi da 'yan sanda, yayin da tsaro da hulɗa da ƙasashen waje suka rage a hannun Landan. SNP ƙarƙashin Alex Salmond ta kafa gwamnatin yankin a 2007, sannan a 2011 ta ci kujeru 69, wato rinjaye kai tsaye. Da wannan ƙarfin ne ta sa Firaminista David Cameron ya sa hannu a yarjejeniyar Edinbura a Oktoban 2012, aka amince a tambayi jama'a.

Ƙuri'ar raba gardama ta 2014

An kaɗa ƙuri'ar ranar 18 ga Satumba, 2014. Kusan kashi 85 cikin 100 na masu rajista suka fito, har da 'yan shekara 16 da 17. Masu cewa a zauna a Birtaniya suka samu kashi 55.3, masu neman ɓallewa kashi 44.7. Cikin ƙananan hukumomi 32, huɗu ne kawai suka zaɓi ɓallewa, ciki har da Gilasgo da Dundee.

Abin da ya girgiza Landan shi ne, ana saura kwana goma sha ɗaya, jaridar Sunday Times ta buga wani jin ra'ayi na kamfanin YouGov da ya nuna masu ɓallewa na da kashi 51. Nan da nan shugabannin manyan jam'iyyu uku, Cameron da Ed Miliband da Nick Clegg, suka garzaya arewa. Ana jibi zaɓe, jaridar Daily Record ta buga alkawarinsu a shafin farko, cewa za a ƙara wa majalisar Sikotilan iko idan aka ƙi ɓallewa.

Ƙorafin son kai

To, a nan ne maganar kafafen yaɗa labarai ta shigo. Cikin manyan jaridun da ake sayarwa a Sikotilan, guda ɗaya tak, Sunday Herald, ta fito ta goyi bayan ɓallewa. Sauran ko dai sun ce a'a, ko sun ƙi bayyana matsayi. Ka ga kenan kusan rabin jama'a ba su da jaridar kullum da ke magana da yawunsu. Sai bayan ƙuri'a, a Nuwamban 2014, aka kafa The National don cike wannan gurbi.

A Birtaniya doka ba ta hana jarida ɗaukar ɓangare ba. Rediyo da talabijin ne aka wajabta wa tsayawa tsakiya, musamman BBC da jama'a ke biyan kuɗin lasisi don tafiyar da ita. Shi ya sa fushin ya fi sauka a kanta. A farkon 2014 wani malamin jami'a, John Robertson, ya fitar da bincike kan labaran yamma na BBC da tashar STV, inda ya ce maganganun da ke sukar ɓallewa sun fi masu goyon baya yawa, kamar uku da biyu. BBC ta ƙi amincewa, ta ce hanyar ƙidayarsa ba daidai ba ce.

Sai kuma batun Nick Robinson, editan siyasa na BBC a lokacin. Ya yi wa Salmond tambaya a taron manema labarai, Salmond ya yi dogon jawabi, amma a rahoton da aka watsa Robinson ya ce bai amsa ba. Mutane suka ɗora cikakken bidiyon a intanet, kowa ya gani. Ranar 14 ga Satumba masu zanga-zanga suka cika ƙofar ofishin BBC a Gilasgo. Daga baya Robinson ya ce ya yi nadamar kalmomin da ya zaɓa, amma ya musanta cewa da gangan ne. Su kuma 'yan jarida da dama sun koka cewa wasu magoya bayan ɓallewa na zagin su da tsorata su a intanet. Kowane ɓangare dai yana da nasa ƙorafin.

Watannin kafin zaɓen 2015

A zaɓen 2010, cikin kujeru 59 na Sikotilan a majalisar Landan, jam'iyyar Leba ta ci 41, Liberal Democrat 11, SNP 6, Konzabatib 1. Kowa ya ɗauka tunda SNP ta sha kaye a ƙuri'ar raba gardama, ta yi sanyi kenan. Ashe ba haka ba. Salmond ya sauka, Nicola Sturgeon ta karɓi jagoranci a Nuwamban 2014, mambobin jam'iyyar suka tashi daga wajen 25,000 zuwa sama da 100,000 cikin wata shida.

Me ya jawo haka? Na farko, Leba ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da Konzabatib a yaƙin hana ɓallewa, alhali talakawan Gilasgo da kewaye sun daɗe ba sa ga-maciji da Konzabatib. Na biyu, da gari ya waye bayan ƙuri'a, Cameron ya fito yana maganar a ba 'yan majalisar Ingila su kaɗai ikon yanke dokokin Ingila, wanda mutanen arewa da yawa suka ɗauka a matsayin an ci moriyar ganga. Na uku, shugabar Leba ta Sikotilan, Johann Lamont, ta yi murabus a Oktoban 2014 tana zargin uwar jam'iyya a Landan da ɗaukar su kamar ƙaramin reshe. A ƙarshen watan ne wani jin ra'ayi na Ipsos MORI ya ba SNP kashi 52, Leba kashi 23.

Da zaɓe ya matso, sai Konzabatib ta mai da SNP dodon tsorata mutanen Ingila. Ta fitar da hoton Miliband ɗan ƙarami a cikin aljihun Salmond, wato idan ka zaɓi Leba, 'yan ɓallewa ne za su juya gwamnati. Daily Mail ta kwatanta Sturgeon da mace mafi haɗari a Birtaniya. Ita kuwa The Sun abin da ta yi ya fi ba ni mamaki: bugunta na Ingila ya ce a zaɓi Konzabatib don a tare SNP, bugunta na Sikotilan kuma ya ce a zaɓi SNP. Kamfani ɗaya, rana ɗaya. Tamkar dillalin da ya gaya wa mai saniya magana ɗaya, ya zagaya ya gaya wa mai saye wata, shi dai la'adarsa ta fito.

Akwai kuma labarin da Daily Telegraph ta buga a farkon Afrilu, cewa wata takardar sirri ta nuna Sturgeon ta faɗa wa jakadiyar Faransa ta fi son Cameron ya ci gaba da mulki. Sturgeon ta ƙaryata, ofishin jakadancin Faransa ma ya ƙaryata. Bayan zaɓe, ministan harkokin Sikotilan na lokacin, Alistair Carmichael, ya amsa cewa shi ya ba da izinin fitar da takardar, ya nemi afuwa. Hukumar sa ido kan jaridu, IPSO, ta yanke cewa labarin ya ɓatar da masu karatu. Amma fa hukuncin ya zo ne bayan an riga an kaɗa ƙuri'a.

Yadda jin ra'ayi ke aiki

Kamfanonin nan ba sa tambayar kowa. Sukan tambayi mutum kamar 1,000, su auna sauran da su, yadda mai sayen masara ke soka buhu ya duba ɗan abin da ya fito. Idan an soka daidai, kuskuren ba ya wuce kamar kashi 3 sama ko ƙasa. Idan kuwa saman buhun kaɗai aka duba, an shiga uku. A 2015 duka biyun sun faru. A Sikotilan hasashen ya yi kusa da gaskiya. A Birtaniya baki ɗaya kuwa an yi ta cewa Leba da Konzabatib kunnen doki suke, sai ga Konzabatib da kujeru 331 cikin 650. Kwamitin da Farfesa Patrick Sturgis ya jagoranta ya gano cewa mutanen da aka riƙa tambaya ba su wakilci masu zaɓe yadda ya kamata ba, magoya bayan Leba sun yi yawa a ciki.

Sakamako

SNP ta samu rabin ƙuri'un Sikotilan, ta kwashe kujeru 56 cikin 59. Leba, Konzabatib da Liberal Democrat kowacce ta tsira da ɗaya. Wata ɗaliba 'yar shekara 20, Mhairi Black, ta kayar da Douglas Alexander, ɗaya daga cikin jiga-jigan Leba. Shi kansa sabon shugaban Leba na yankin, Jim Murphy, ya rasa kujerarsa.

Kada a ruɗe da lissafin. Tsarinsu irin namu ne na zaɓen 'yan majalisar wakilai: wanda ya fi ƙuri'a a mazaɓa shi ya ci, ko da tazarar ɗaya ce. Masu son ɓallewa sun dunƙule a jam'iyya ɗaya, masu ƙi kuma sun rabu uku. Kashi 45 ba ya cin ƙuri'ar "e ko a'a", amma yana iya share kusan kowace mazaɓa idan abokan hamayya sun watse.

Abin da ya biyo baya

A 2016 kashi 62 na masu zaɓe a Sikotilan suka ce a zauna a Tarayyar Turai, amma Birtaniya ta fice. SNP ta sauko zuwa kujeru 35 a 2017, ta hau 48 a 2019. A Nuwamban 2022 Kotun Ƙoli ta yanke cewa majalisar Edinbura ba ta da ikon shirya sabuwar ƙuri'ar ɓallewa sai da yardar Landan. Sturgeon ta sauka a 2023, Humza Yousaf ya gaje ta, Musulmi na farko a wannan kujera, sai John Swinney a 2024. A zaɓen Yulin 2024 SNP ta faɗo zuwa kujeru 9 cikin 57, Leba ta dawo da 37, duk da cewa masu son ɓallewa suna nan kusan rabin jama'a.

A nawa ganin, jaridu sun yi tasiri, amma ba yadda masu ƙorafi ke zato ba. Ba su hana mutanen Sikotilan zaɓen SNP a 2015 ba, kuma ba su kaɗai suka kayar da ita a 2024 ba, domin lokacin tana fama da binciken 'yan sanda kan kuɗin jam'iyya, da sauyin shugabanni, da gajiyar jama'a bayan shekara 17 tana mulki. Inda suka fi ƙarfi shi ne zaɓen abin da za a yi ta magana a kai, da kuma sakin labari dab da zaɓe, lokacin da gyara ba zai iso da wuri ba. Don haka idan ka ga labari mai zafi ana saura kwanaki a kaɗa ƙuri'a, ka tambayi waye mai jaridar, wa take so ya ci, an ji ta bakin wanda ake zargi ko ba a ji ba, kuma idan jin ra'ayi ne, mutum nawa aka tambaya, su wane ne. Allah ya sa mu dace.