Daga Tukunyar Ƙasa Zuwa Ganga: Yadda Mazubi Ke Shiga Cikin Abin Shanmu

Idan ka shiga kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ka wuce kara inda ake cinikin shanu da raƙuma, ka leƙa wajen masu tukwane, za ka ga tarihi a jere a ƙasa: ga tukunyar yumɓu da ƙwarya, ga tukunyar alminiyam, ga bokitin roba da jarka. Mai kunun zaƙi ko zoɓo da ke son faɗaɗa sana'arta takan tambayi abu biyu: nawa ne, kuma nawa yake ci? Akwai tambaya ta uku da tarihi ya nuna ta fi su nauyi: idan abu mai tsami ya kwana a ciki, me mazubin zai zuba masa?

Bari mu fara da tsamin kansa. Mai kunun zaƙi takan jiƙa gero ko dawa, ta markaɗa da citta da kanumfari, ta raba ƙullun biyu. Kashi ɗaya ta dama da tafasasshen ruwa, in ya sha iska ta haɗa da ɗanyen, wanda aka sa wa dankali ko tsiron hatsi. A cikin tsiron akwai sinadarin amiles, mai yanyanka sitaci ya mayar da shi sukari. Zaƙin kenan. Cikin dare kuma wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani su ci wani ɓangare na sukarin, su fitar da asid irin na nono. Tsamin kenan. Burkutun da Maguzawan ƙauyukan Kano da Katsina suka daɗe suna dafawa da tsiron dawa, don gayya da bukukuwa, hanyar farko ɗaya ce. Bambancin shi ne ana barinsa har yis ya mayar da sukarin barasa. Dokar Shari'a da Jigawa ta ƙaddamar a 2000 ta haramta wannan, amma darasin tukunya da aka koya daga giya ya shafi kunu, koko, fura da zoɓo, domin dukkansu masu tsami ne, asid kuwa yana cin ƙarfe.

Ɗaruruwan shekaru tukunyar ƙasa da ƙwarya ne ke wannan aiki. Yumɓu yana da ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani. A nan ƙwayoyin tsami ke maƙalewa, shi ya sa tsohuwar tukunya ta fi sabuwa saurin kama kunu. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta ya bushe kuma yana sanyaya abin da ke ciki, kamar dai randa. Aibinta sananne ne: nauyi, fashewa, da wuyar wankewa, don inda ƙwayar kirki ta ɓuya, ta banza ma na iya ɓuya.

Sai zamanin jirgin ƙasa. Layin dogo ya iso Kano a 1911, reshen Nguru da ya ratsa ta Gagarawa ya kammala a 1930. Kananzir da man fetur suka riƙa shigowa a garwa da ganga, in an juye mai sai mazubin ya shiga gidaje. Ganga guda na cin kimanin lita 200, ba ta fashewa, tana jure wuta. Wa zai ƙi? Haka aka yi a sassa da dama na Afirka, kuma a kudancin nahiyar ne likitoci suka fara ganin kuɗin da jiki ke biya.

A 1929 wani likita mai suna Strachan, da ke binciken gawarwaki a Johannesburg ta Afirka ta Kudu, ya ba da rahoton baƙin ƙarfe jibge a hanta da saifar baƙaƙen fata da yawa. An ɗauki shekaru ana neman dalili. Daga baya Thomas Bothwell da abokan aikinsa a Jami'ar Witwatersrand suka nuna cewa giyar gargajiya mai tsami, da ake dafawa a ganguna da tukwanen ƙarfe, tana narkar da ƙarfen, mai sha kuma yana haɗiye shi kullum. Ka ga, jikin namiji baligi kusan miligiram 1 kacal yake buƙatar tsotsa a rana, kuma ba shi da hanyar zubar da rarar. Sai ta taru a hanta, ta ƙona ta sannu a hankali. A 1992 Victor Gordeuk da tawagarsa suka nuna cewa gado ma na da hannu, wato wasu sun fi wasu saurin tarawa. Kada ka tsorata da tukunyar ƙarfe baki ɗaya. Ɗan ƙarfen da ke shiga miya yana ma taimakon mai ƙarancin jini. Matsalar ita ce abu mai tsami, mai yawa, kullum, shekara da shekaru.

Bayan ganga sai tukunyar alminiyam, wadda maƙera ke zubawa daga tarkacen da aka narkar. Ba ta da nauyi, ba ta tsatsa, ga araha. Amma me aka narkar? A 2014 Jeffrey Weidenhamer da abokansa suka gwada irin waɗannan tukwane na Kamaru, suka tafasa ruwa mai ɗan tsami a ciki, suka tarar gubar dalma na fita. A 2017 suka faɗaɗa gwajin zuwa ƙasashe goma, suka sake samun tukwane masu zubar da ita. Tushenta tarkacen injin mota da makamantansu da ake haɗawa a narkar. Wanda ya tuna yaran Zamfara na 2010 ya san abin da dalma ke yi wa ƙwaƙwalwar yaro, kuma babu adadinta da likitoci ke ɗauka marar illa. Ga yankin da ke noma zoɓo yana sayarwa har ƙetare, wannan magana ta gida ce, domin zoɓo ya fi kunu tsami nesa ba kusa ba.

To, me za a zaɓa? Idan kuɗi ya kai abu ɗaya kawai, a sa shi a mazubin da abin sha ke kwana a ciki, don tsami da lokaci su ne ke jawo ƙarfe. Mafi aminci shi ne ƙarfen da ba ya tsatsa, irin na kwanon silba, wanda Harry Brearley ya samar a Sheffield ta Ingila a 1913. Sinadarin kuromiyam da ke ciki yana yi masa siririyar fata da ke kare shi daga asid. In bai samu ba, sabon bokitin roba na abinci ya wadatar, muddin an bar kunun ya huce kafin a zuba. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin ƙwari kuwa, ko an wanke ta sau goma, a bar ta. In tukunyar zubi ce kaɗai a gida, a dafa a juye nan take, kada zoɓo ya kwana a ciki. Tukunyar ƙasar kaka ma ba ta gaza ba, in ana wanke ta da ruwan zafi ana shanyawa a rana.

Ranar Alhamis mai zuwa, kafin ka taya, tambayi mai tukwane: da me aka yi ta, kuma me ta taɓa ɗauka?