Dokokin Mulkin Mallaka da Kafuwar Kiristanci a Jos

A daular Rum doka ce ta ɗaga Kiristanci: yarjejeniyar Milan ta 313 ta halatta shi, Sarki Kustantin ya mayar da Lahadi ranar hutu a 321, dokar Tasalonika ta 380 kuma ta sa ya zama addinin hukuma. A Arewacin Nijeriya kuwa, doka ta yi masa shinge ne, shingen ya kora shi zuwa tsaunukan Filato.

Da Lugga, jagoran Turawan mulkin mallaka, ya ci Sakkwato a 1903, ya yi alkawarin gwamnati ba za ta taɓa addinin Musulunci ba. Razdanoni suka riƙe wannan alkawari suna hana 'yan mishan izinin zama a yawancin masarautu, sai dai su nufi ƙasashen masu addinin gargajiya. Ba tausayin kowa ya jawo haka ba. Mulki ta hannun sarakuna ake tsoron girgizawa.

Mishan ɗin SUM na Karl Kumm ya fara sauka a Wase a 1904, amma garin na sarki Musulmi ne, aikin bai yi saiwa ba. A 1907 suka buɗe tasha a Langtang cikin ƙabilar Tarok. A shekarar ce ƙungiyar mishan ta CMS ta zauna a Panyam, limaman Katolika kuma suka isa Shendam. Haƙar kuza da zuwan jirgin ƙasa suka cika Jos da leburori da akawuna daga Kudu, har ƙungiyar mishan ta SIM ta kafa hedikwatarta a can.

Babban abin da ya biyo baya shi ne harshe. Filato na da harsuna barjat, gwamnati kuma da Hausa take mulki, sai mishan ma suka rungume ta. Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, aka buɗe makarantar Gindiri a 1934 don horar da malamai da masu bishara. Berom da Ngas da Mwaghavul suka haɗu a benci ɗaya suna addu'a da harshen masarautun da aka hana mishan shiga.

A shekarun 1930 aka sassauta, aka bar mishan su buɗe asibitocin kutare a Kano da Katsina da Sakkwato. Kafin nan Filato ta riga ta zama cibiya: majami'un ECWA, wadda aka kafa a 1954, da COCIN, wadda ta fito daga SUM, duk a Jos hedikwatarsu take.