Daga Shagon Baduku Zuwa Dokar Ƙasa: Waiwaye a Kan Jagororin Ɗaurin Talala

1.0 Gabatarwa

Idan ana maganar shari'ar laifuffuka, hankalin mutane yakan tafi ga ɗan sanda da alƙali da gandiroba. Ba kasafai ake tunawa da mutum na huɗu ba, wato jami'in da kotu ke damƙa wa mai laifi domin ya lura da shi a cikin gari, maimakon a kai shi gidan yari. Wannan maƙala za ta waiwayi tarihin wannan aiki, ta dubi wasu daga cikin mutanen da suka kafa shi a Amurka da Ingila, sannan ta nuna dalilin da ya sa yabonsu ya zama dole.

A nan an yi amfani da "ɗaurin talala" a matsayin sunan wannan tsari. Talala dai ita ce ɗaure dabba da doguwar igiya, ta yi kiwonta, amma ba ta wuce iyakar da aka ɗibar mata ba. Haka wanda kotu ta same shi da laifi ta sake shi bisa sharuɗɗa yake: yana kwana a gidansa, yana neman abincinsa, amma igiyar kotu na ƙafarsa. Kalmar da Turawa ke kiran tsarin da ita kuwa ta samo asali ne daga wata kalmar Latin mai ma'anar gwadawa. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, ginshiƙin aikin tun farkonsa shi ne a sami mutum guda da zai tsaya wa mai laifi da mutuncinsa, kuma duk lokacin da aka raunana wannan ginshiƙi, aikin yakan lalace.

2.0 John Augustus da Kotun Boston

An haifi John Augustus a garin Woburn na Jihar Massachusetts wajen shekarar 1785. Sana'arsa ɗinkin takalma, kuma yana da shago a birnin Boston. Ba lauya ba ne, ba kuma ma'aikacin gwamnati ba. Ɗan wata ƙungiya ce mai yaƙi da shan giya, wadda ke ganin cewa lallashi ya fi bulala tasiri a kan mashayi.

A watan Agusta na 1841 ya shiga kotun 'yan sanda ta Boston, ya tarar an gurfanar da wani mutum bisa laifin shaye-shaye. Da suka yi magana, mutumin ya yi masa alkawarin cewa in aka cece shi daga gidan yari ya bar giya. Augustus ya roƙi alƙali ya ba shi belinsa. Alƙali ya yarda, ya ɗaga yanke hukunci zuwa mako 3. Da ranar ta zo suka dawo tare, mutumin ya kimtsa har ya ba kotu mamaki. Sai alƙali ya ci shi tarar senti 1 tare da kuɗin kotu, jimla dala 3 da senti 76, ya sallame shi.

Daga wannan rana Augustus bai rabu da kotu ba har tsawon shekara 18. Da farko mashaya maza kawai yake karɓa, daga baya ya haɗa da mata da yara. Abin lura shi ne, ba kowa yake tsaya wa ba. Yakan binciki halin mutum na baya, da shekarunsa, da irin mutanen da yake cuɗanya da su, kuma ya fi karkata ga wanda bai taɓa faɗawa hannun hukuma ba. In ya karɓi mutum sai ya nema masa aiki ko masauki, ya sa yaro a makaranta, ya riƙa ziyartarsa, ya rubuta kome a littafi, sannan ranar komawa kotu ya ba alƙali bayani. Waɗannan matakai, wato bincike kafin hukunci, da zaɓe, da lura, da kai rahoto, su ne har yau ƙashin bayan aikin jami'in talala. A 1852 ya wallafa rahoton ayyukansa, kuma ya zuwa 1858 ya karɓi belin mutum 1,946, waɗanda ƙalilan ne daga cikinsu suka ci amanarsa.

Aikin bai tafi sumul ba. A wancan zamani akwai ladan da ake biyan ma'aikatan kotu a kan kowane mutum da aka kai gidan yari, saboda haka duk wanda Augustus ya karɓa, ya rage musu abin sawa a aljihu. Wasu jaridu kuma suka zarge shi da ɗaure wa ɓata-gari gindi da neman kuɗi. Gaskiyar lamarin kuwa ita ce, kuɗinsa yake zubawa wajen beli da biyan tara, har sana'arsa ta durƙushe, ya koma dogaro da gudummawar masu goyon bayansa. Ya rasu a 1859 ba tare da dukiya ba. Sai bayan shekara 19, a 1878, Massachusetts ta kafa dokar da ta ba magajin garin Boston ikon ɗaukar jami'in talala mai albashi. Edward Savage, tsohon shugaban 'yan sandan birnin, yana cikin na farko da suka riƙe muƙamin.

A matakin tarayya abin ya ɗauki lokaci. A 1916 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa alƙalan tarayya ba su da ikon jingine hukunci har illa masha Allahu, sai in majalisa ta ba su. Wannan ya sa aka kafa dokar talala ta tarayya, wadda Shugaba Calvin Coolidge ya sa wa hannu a watan Maris na 1925.

3.0 Sule Biyar na Frederic Rainer

A Ingila ma abin ya faro ne daga ɗaiɗaikun mutane. A 1841, shekarar da Augustus ya fara, wani alƙali a Birmingham mai suna Matthew Davenport Hill ya soma damƙa matasa masu laifi ga iyayensu ko iyayen gidansu, yana ajiye rajista domin ya san yadda suka ƙare. A 1876 kuma wani mai aikin ɗab'i a Hertford, Frederic Rainer, ya rubuta wa ƙungiyar yaƙi da shan giya ta Cocin Ingila takarda, yana kukan cewa wanda ƙafarsa ta taɓa zamewa ba ya samun mai ɗaga shi, sai dai laifi ya bi laifi, ɗauri ya bi ɗauri. Ya haɗa da sule 5 domin a fara wani abu. Da wannan aka soma tura masu wa'azi zuwa kotunan 'yan sanda na Landan, suna karɓar waɗanda alƙalai suka saki.

Dokar 1907 ce ta mayar da wannan aikin sa-kai aikin hukuma. Ta ɗora wa jami'in nauyin ba wanda yake lura da shi shawara, da taimakonsa, da zama abokinsa, tare da kai wa kotu rahoton halinsa. A nan ne wahalar aikin take. Mutum guda aka ce ya zama aboki, ya kuma zama idon kotu. In ya cika sassauci, jama'a na cikin haɗari. In ya cika tsanani, ya zama gandiroba marar kurkuku. Duk wanda ya shugabanci ma'aikatar talala, wannan ma'auni yake riƙe da shi.

Daga baya aka faɗaɗa aikin. Rahoton kwamitin da Barbara Wootton ta jagoranta a 1970 ya kai ga dokar 1972, wadda ta ba kotu damar yanke wa mutum hukuncin yi wa jama'a aiki kyauta na wasu sa'o'i a madadin ɗauri. Ƙasar Japan kuwa ta bi wata hanya: bisa wata doka ta 1950, dubban 'yan sa-kai daga cikin mutanen unguwa ne ke taya jami'an gwamnati lura da waɗanda aka saki, sau da yawa ma a gidajensu suke ganawa da su. A ranar 14 ga Disamba 1990 Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ƙa'idojin hukunci ba tare da ɗauri ba, waɗanda aka fi sani da Ƙa'idojin Tokyo.

4.0 Lokutan Jarrabawa

Sau biyu aƙalla aikin ya shiga tsaka mai wuya. Na farko a 1974, lokacin da Robert Martinson ya wallafa nazarinsa a kan shirye-shiryen gyaran hali a Amurka. 'Yan siyasa suka fassara shi da cewa babu wani shiri da ke gyara mai laifi, aka koma ga tsananta ɗauri, aka mayar da jami'in talala mai gadi kawai. Masana irin su Don Andrews da James Bonta na Kanada ne suka nuna, musamman daga 1990, cewa gyara na yiwuwa in an auna haɗarin kowane mutum, aka fi mai da hankali ga wanda ya fi kusa da komawa laifi, aka kuma tunkari abin da ke ingiza shi, kamar shaye-shaye da miyagun abokai da zaman banza.

Na biyu a Ingila da Wales. A 2014 gwamnati ta raba ma'aikatar gida biyu, ta ware kamfanoni 21 da aka miƙa wa 'yan kwangila domin su lura da masu ƙaramin haɗari da matsakaici. Ba a jima ba aka gano cewa wasu daga cikin waɗanda ake lura da su ta wayar tarho kawai ake tuntuɓarsu. A 2019 babbar sufetan aikin, Glenys Stacey, ta bayyana a rahotonta cewa tsarin ya lalace tun daga tushe, ba ya gyaruwa. A watan Yuni na 2021 aka mayar da aikin duka hannun gwamnati. Darasin a fili yake: abin da Augustus ya yi da ƙafarsa da idonsa ba ya yiwuwa daga nesa.

5.0 Dalilin Karramawa

A ƙarshen 2022 akwai kimanin manya miliyan 3 a ƙarƙashin talala a Amurka, adadin da ya ninka na fursunonin gidajen yarin jihohi da na tarayya fiye da sau 2. Duk da haka aikin ba shi da kwarjini a idon jama'a, domin nasararsa ba ta ganuwa. Gidan da ba a fasa ba, da auren da bai mutu ba, da yaron da bai bar makaranta ba saboda ubansa na gida, babu jaridar da ke buga labarinsu. Amma ranar da mutum guda ya karya sharaɗi ya yi ta'asa, sunan jami'in da na shugabansa ake fara nema. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ƙungiyar ma'aikatan talala ta Amurka, wadda aka kafa a 1975, ke ware mako guda a watan Yuli domin karrama su.

Wannan tarihi ya shafi Nijeriya kai tsaye. Tun zamanin Turawa akwai tanadin talala a dokokinmu, amma ya daɗe a takarda ba tare da isassun jami'ai ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta sabunta shi, sannan dokar 2019, wadda ta sauya sunan hukumar gidajen yari zuwa hukumar gyaran hali, ta kafa sashe na musamman mai kula da hukuncin da ba na ɗauri ba. Waɗanda aka ɗora wa wannan sashe suna tsaye ne a inda Savage ya tsaya a Boston: doka ta samu, saura a gina aikin.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa ɗaurin talala ya faro ne daga baduku da alƙali da mai ɗab'i, kafin gwamnatoci su karɓe shi. An kuma ga cewa ya yi ƙarfi a duk inda jami'i ya san mutuminsa ido da ido, ya yi rauni a inda aka mayar da shi gadi ko kwangila. Hausawa na cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma waɗannan jagorori sun ɗauki wannan magana a matsayin aikin yi na kullum. Saboda haka karramawar da ta dace da su ta wuce lambar yabo. Ta haɗa da horar da magadansu, da rage yawan mutanen da ake ɗora wa jami'i guda, da ba shi abin hawan da zai kai shi gidan wanda kotu ta damƙa masa.