Husumar Jiragen Dakon Mai: Yadda Aka Warware Kwangilar Dala Biliyan 35 a Amurka

Ranar 29 ga Fabrairu, 2008, sa'ad da manyan rundunar sojan sama ta Amurka suka fito gaban 'yan jarida domin su bayyana wanda ya ci kwangilar ƙera sababbin jirage 179 masu shayar da jiragen yaƙi mai a sararin samaniya, galibin mutane sun sakankance sunan Boeing za a ji, tun da shi ne ya ƙera tsofaffin jiragen KC-135 da rundunar take amfani da su tun 1957. Amma sai aka ji an ambaci Northrop Grumman tare da abokin tarayyarsa EADS, uwar kamfanin Airbus na Turai a wancan lokaci. Kuɗin aikin ya tasam ma dala biliyan 35. Ranar 11 ga Maris Boeing ya shigar da ƙorafi a ofishin GAO, wanda ke bincikar yadda ake kashe dukiyar baitulmali a madadin majalisar dokokin ƙasar.

Wannan dama ta kai kuka, wadda 'yan kwangilar Amurka suke gani yau tamkar gado, ba da ita aka fara ba. An kafa ofishin a 1921, ya kuwa soma sauraron masu tayin da aka ƙi tun cikin shekarun farko, sai dai ƙofar shari'a ta daɗe a kulle, domin a 1940, cikin ƙarar da kamfanin ƙarfe na Lukens ya kai, Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokokin sayayya an yi su ne don maslahar gwamnati, ba su ba mai tayi wani hakkin da zai tsaya a kansa gaban alƙali ba. Sai a 1970, cikin shari'ar kamfanin Scanwell, wata kotun ɗaukaka ƙara a Washinton ta ga cewa wanda aka ƙi tayinsa, ko da don aljihunsa ya zo, yana tsare wa jama'a dukiyarsu. Doka ta 1984 da gyare-gyaren da suka biyo ta su suka kammala ginin: in an kai ƙorafi cikin wa'adi sai a dakatar da aiki, kuma wajibi ne ofishin ya ba da hukunci cikin kwana 100. Mai ilimin fiƙihu zai tuna da wilayar mazalim, inda talaka ke kai ƙarar ma'aikatan sarki. Bambancin shi ne hukuncin GAO shawara ce, ko da yake da wuya wata ma'aikata ta yi gangancin ƙin bin ta.

Shi kansa Boeing bai zo wurin da hannu mai tsabta ba. Bayan harin Satumba na 2001 an shirya gwamnati ta ɗauki hayar jiragensa 100 ƙirar 767 a kan fiye da dala biliyan 20, ba tare da wata gasa ta a zo a gani ba, kuma Sanata John McCain ya yi ta tonon al'amarin har asiri ya tonu: ashe Darleen Druyun, babbar jami'ar sayayya ta rundunar, tana cikin cinikin tana kuma neman wa kanta aiki a Boeing, inda 'yarta da surukinta suka riga suka samu gurbi. Ta amsa da bakinta cewa ta yarda da farashi mai tsada don kyautata wa kamfanin. A 2004 aka ɗaure ta wata 9. Shugaban sashen kuɗi na Boeing, Michael Sears, ya sha wata 4. Shugaban kamfanin, Phil Condit, ya riga ya ajiye aiki tun Disamba 2003. Saboda wannan cin amana ne aka soke hayar aka buɗe gasa, kuma saboda shi ne da yawa suka ɗauki ƙorafin 2008 a matsayin kukan wanda ya saba ci shi kaɗai.

Amma ranar 18 ga Yuni, 2008, ofishin ya ba Boeing gaskiya, kuma hujjojinsa sun cancanci a tsaya a kansu, domin ba su taɓa tambayar wane jirgi ya fi wani ba, ba su kuma kula da hayaniyar 'yan majalisar jihohin Washinton da Kansas masu cewa an kai aikin 'ya'yansu Faransa ba. Abin da aka duba shi ne ko rundunar ta auna tayi da ma'aunin da ita kanta ta rubuta. Takardar neman tayi ta ce ba za a ƙara wa kowa maki don ya zarce iyakar da aka nema ba, sai ga shi an ƙara wa jirgin A330 na Airbus, wanda ya fi girma, maki saboda yawan man da yake iya bayarwa. An gaya wa Boeing cewa ya cika wani sharaɗi sarai, daga baya aka sake ra'ayi ba a sanar da shi ba, alhali kuwa ana ci gaba da tattauna wannan mas'ala da abokin hamayyarsa. A lissafin abin da jiragen za su ci tsawon rayuwarsu ma an yi kurakurai, waɗanda rundunar ta amsa, kuma da aka gyara su sai tayin Boeing ya koma shi ne mafi sauƙi. Wanda ya ce da mudu zai auna, ba shi da ikon ɗauko tiya bayan an zube hatsi.

A ganina ofishin ya yi daidai, ko da yake mai ƙarar yana da tabo, domin laifin jiya ba ya halatta a zalunci mutum yau, kuma ba wani mai binciken gwamnati da zai tsefe dubban shafuna da irin himmar wanda dala biliyan 35 ta kuɓuce masa. Masu cewa irin wannan jayayya tana jinkirta aiki ba su yi ƙarya ba. Sai dai kwana 99 kawai ƙorafin ya ci, sauran shekarun kuwa siyasa da sakacin hukuma ne suka cinye su. Sakataren tsaro Robert Gates ya soke gasar baki ɗaya a Satumba 2008, ya bar wa gwamnati mai zuwa.

Da aka sake buɗe gasar, zagaye na uku ya zo da nasa abin mamaki. Northrop ya janye a Maris 2010, yana cewa an yanka sababbin sharuɗɗa daidai jikin ƙaramin jirgin Boeing, EADS kuwa ya shiga shi kaɗai. Wani ƙaramin kamfani, US Aerospace, wanda ya haɗa kai da Antonov na Yukren, ya aika ɗan saƙo da takardun tayinsa zuwa sansanin Wright-Patterson a jihar Ohio ranar 9 ga Yuli, wa'adi kuwa ƙarfe 2 na rana ne. Aka buga wa takardun hatimin 2:05, aka ƙi su. Kamfanin ya yi da'awar cewa mutuminsa ya iso ƙofar sansanin tun da sauran lokaci, jami'ai ne suka ɓata masa shi, amma GAO ya ce nauyin isar da tayi yana wuyan mai tayi. A Nuwamba kuma rundunar ta yi kuskuren aika wa Boeing da EADS faifan bayanan juna.

Ranar 24 ga Fabrairu, 2011, Boeing ya ci, bayan ya karya farashi ƙwarai, kuma EADS, da ya duba alƙaluma, ya ce ba zai kai ƙara ba. Yarjejeniyar ta ƙayyade abin da gwamnati za ta biya na ƙera sabon jirgin, mai suna KC-46, a kan dala biliyan 4.9, duk abin da ya haura kuwa Boeing ne zai ɗauka. An yi alkawarin jirage 18 kafin ƙarshen Agusta 2017, amma na farko bai isa hannun rundunar ba sai Janairu 2019, da matsala a na'urar da mai shayar da man yake gani da ita, kuma asarar da kamfanin ya ɗauka a kan aikin ta wuce dala biliyan 7. Garin Mobile na jihar Alabama, inda da za a harhaɗa jiragen EADS, Airbus ya buɗe masana'antar jiragen fasinja a cikinsa a 2015.