Daga Fitilar Ƙwai Zuwa Shagon Caji

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Ɗambatta, Bichi ko Minjibir a shekarun 1990 ya san yadda littafin soyayya ke shiga gida. Ranar kasuwa a karɓo haya, a karanta da fitilar ƙwai, a tura ƙarƙashin katifa. Haka littattafan Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino suka riƙa zagawa hannu da hannu. Kananzir kawai suke ci, kuma ba mai sanin shafin da yarinya ta tsaya.

Wayar salula ta shigo a 2001, daga baya WhatsApp da Wattpad suka kwashe labaran zuwa cikinta. To amma waya akwai ci: hasken allo da laluben sabis kan zuƙe batir kafin a gama babi. Inda babu wutar NEPA, dole a aiki yaro da ita shagon caji, ta wuni a hannun wani, ga hotuna da saƙonnin matar aure a ciki.

Turawa ma sun ɗanɗana. A 2009 kamfanin Amazon ya goge littafin 1984 na George Orwell daga na'urorin Kindle na waɗanda suka saya. A 2014 aka gano manhajar karatu ta Adobe na aika wa kamfanin bayanin abin da mutane ke karantawa.

Nijeriya ta yi dokar kare bayanai a 2023, amma doka ba ta gadin shagon caji. Don haka 'yar'uwa, kulle wayarki, ki cire memori kafin ki bayar.