Dokar Abinci ta Tarayya da Algus: Abin da Ya Shafi Mai Shago

Idan kana sayar da kayan abinci, a babban kanti ne ko a kan tebur a ƙofar gida, dokar Najeriya ta san da zamanka. Ta hana sarrafawa, shigowa, tallatawa, rarrabawa ko sayar da duk abincin da aka sarrafa aka ƙunshe, matuƙar ba a yi masa rajista ba. Lura da cewa sayarwa tana cikin jerin. Saboda haka idan aka sami jabun madara a shagonka, cewa "ni ma saro ta na yi" ba zai hana a kwashe kayan ko a rufe shagon ba.

Hukumar da ke wannan rajista ita ce NAFDAC, wadda aka kafa a 1993. Akwai kuma doka ta musamman a kan jabun magunguna da gurɓataccen abinci, wadda ta tanadi tara da ɗauri. Hukumar SON ce ke tsara ma'aunin ingancin kaya, FCCPC kuma tana sauraron koken masu saye. Tsaftar kasuwa da abincin da ake dafawa a sayar nan take, wannan aikin dubagari ne na jiha da ƙaramar hukuma.

Abin da ya kamata ka gani a jikin kaya

Sunan kayan, abubuwan da aka haɗa shi da su, nauyinsa, sunan kamfani da cikakken adireshinsa, lambar rukunin da aka yi shi, ranar da aka yi shi da ranar da zai lalace, sai lambar NAFDAC. Gishiri dole ya kasance da sinadarin aidin. Sukari, fulawa da man girki kuma dole a ƙara musu bitamin A, shi ya sa kake ganin tambarin ido a jikinsu.

Amma kada lambar NAFDAC kaɗai ta kwantar maka da hankali. Mai buga jabu ya iya buga lamba. Dubi wurin kwanan wata da kyau: idan an kankare, ko an liƙa wata takarda a kai, ko tawadar ta bambanta da sauran rubutun, akwai yiwuwar an sabunta wa kayan da suka lalace kwanan wata. Adireshin da ya tsaya a "Legas, Najeriya" ba tare da titi ba, shi ma abin tuhuma ne. Haka kayan da aka kawo maka da arahar da ta wuce hankali.

Inda haɗarin ya fi yawa

A ganinmu na likitoci, abin da ya fi tsoratarwa shi ne kayan da aka fasa buhunsu aka ƙulla a leda. Da zarar an raba gari da buhunsa, ba suna, ba kwanan wata, ba wanda za a tambaya. Farin gari kuwa duk kama ɗaya yake yi.

Abin da ya faru a Kano a watan Maris na 2021 ke nan. Ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti da amai, jiri da fitsarin jini bayan sun sha lemon da aka haɗa da garin ɗan tsami, wasu suka rasu. Binciken NAFDAC ya nuna abin da aka sayar da sunan ɗan tsami wani sinadarin masana'antu ne mai suna haidiroksilamin. Wannan sinadari yana farfasa jajayen ƙwayoyin jini, yana kuma hana jini ɗaukar iskar da jiki ke buƙata. Abin da ya farfashe ta ƙoda yake bi, shi ya sa fitsari ke komawa ja ko baƙi, ƙodar ma tana iya tsayawa. Mai ƙulla shi a leda da mai haɗa zoɓo da shi ba lallai sun san abin da ke hannunsu ba, amma ta hannunsu ya isa bakin mutane.

Wake ma yana da tasa matsalar. Wasu na zuba masa fiya-fiya ko Sniper don kashe ƙwari. Sinadarin da ke cikinsu, daikulobos, shi ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015. Wanda ya ci da yawa zai iya fara dalalar da miyau, gumi, gudawa, ƙwayar idonsa ta tsuke, numfashi ya yi masa wuya. Waken da ke warin magani, kada ka saro shi.

Sauran algus ɗin da aka fi sani: manjan da aka zuba wa rini don ya ƙara ja, ayaba da mangwaron da aka nunar da kabayid na masu walda, da burodin da aka sa wa buromet don ya kumbura. Duk an hana su. Rinin manja da buromet ba sa kwantar da mutum a ranar, illarsu a hankali take taruwa, ana kuma danganta su da cutar daji. Wannan ne ya sa mai sayarwa ke ganin ai ba wanda ya taɓa kawo ƙara.

Yadda za ka kare kanka

Ka riƙa sari a wurin dilan da ke da shago tsayayye, ka karɓi rasit mai ɗauke da sunansa, ka adana. Ranar da jami'ai suka zo, wannan takarda ce za ta nuna inda kayan suka fito. Kayan haɗin lemo da na burodi, ka saye su a cikin mazubinsu na asali, a rufe. Ka sa tsofaffin kaya a gaba su fara fita, waɗanda suka lalace kuma ka ware su daga kanta gaba ɗaya, kada ka karya farashinsu ka sayar. Maganin ƙwari da kalanzir kada su kwana kusa da abinci.

Idan mutum biyu ko uku suka ce sun yi rashin lafiya bayan cin abu ɗaya daga wurinka, ka dakatar da sayar da shi nan take. Kada ka zubar, ka ajiye ragowar da mazubinsa, domin da shi za a yi gwaji. Ka sanar da ofishin NAFDAC na jiharku ko dubagari. Marasa lafiyar kuma a kai su asibiti tare da samfurin abin da suka ci, musamman idan akwai fitsarin jini, idanu sun yi rawaya, ko numfashi na sarƙewa. Kada a tsaya ba su manja ko madara da sunan karya guba, kada kuma a tilasta musu yin amai.